Wasiƙa ga Edita: Suga na cin mu a Makka, a taimaki masu son yin bincike a kanmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa. Ni mutumin Kano ne amma yau shekarata 19 ke nan a Makka, ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti irin wanda a nan muke ce wa mustausaf, ba nisa da Shara Mansur inda duk wanda ya taɓa zuwa ya san nan ce matattarar Hausawa, jaridarku kuma a waya nake karanta ta bayan asuba kafin na fita aiki. Dan Allah ka ba ni fili ko da wasiƙar ta yi tsawo, abin ya daɗe yana ci na a rai kuma kwanan nan aka fama min shi.

'Yar yayana ce ta fama min. A nan aka haife ta, ta yi karatu har Allah ya ba ta gurbin digiri na biyu a fannin abinci da gina jiki a wata jami'a a ƙasar nan, da lokacin zaɓen abin da za ta yi bincike a kai ya zo sai ta ce ita kam abincin gidanmu za ta auna, tuwon shinkafa, tuwon masara, tuwon alkama, masa, ɗanwake, fura, kunun gyaɗa, ta ga kowanne yadda yake tayar da suga a jini. Aikin fa ba wani abin tsoro ba ne, tun 1981 wani masani David Jenkins na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka fito da hanyar. Mutum kamar goma masu lafiya za ka samo, su kwana ba su ci komai ba, da safe ka ba kowa abincin daidai gwargwadon da ke ɗauke da giram 50 na sitaci da suga, sai ka riƙa soka musu yatsa kana auna jinin har awa biyu, wata ranar kuma ka ba su ruwan gulukos zalla ka kwatanta. Gulukos shi ne 100, abincin da ya tsaya 55 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, wanda ya kai 70 zuwa sama kuwa shi ne mai harba suga nan take. Abin da take buƙata kawai tsinken gwaji, da ɗakin da za a tantance mata sitacin da ke cikin kowane abinci, da ɗan kuɗin mota ga waɗanda za su ba da jininsu. Muka zauna ni da ita muka yi lissafi, wallahi kuɗin ba su kai na tsohuwar mota ba. Ta rubuta ta nema aka ce babu wani kaso da aka ware wa irin wannan ƙaramin aiki na ɗalibi, aka ba ta shawara ta koma raba takardar tambayoyi tunda shi ba ya cin kuɗi. Ta tuntuɓi wani malami a wata jami'a can gida, bawan Allah ya yi murna ƙwarai ya ce zai haɗa hannu da ita, amma ya faɗa mata gaskiya cewa firjin ajiye jini na sashensu ya fi wata shida ba ya aiki, kayan gwaji kuma daga albashinsa yake saye. Yarinyar nan a gabana ta yi kuka, ni kuma na rasa abin da zan ce mata.

Ba don komai ta zaɓi wannan aiki ba sai don kakarta, wato Hajiyarmu, wadda yau shekara 11 take fama da ciwon suga har an cire mata ɗan yatsan ƙafa ɗaya. Duk zuwanmu asibiti sai an ba ta takardar tsarin abinci da Larabci, burodi mai ruwan ƙasa rabi, zaitun guda kaza, cuku, salak, kifi gasasshe. Takardar mai kyau ce, masana ne suka rubuta ta, amma tsohuwar da ta tashi da tuwo da miyar kuka tun daga Bichi ba za ta koma cin zaitun da cuku tana da shekara 70 da ɗoriya ba, ninke takardar take yi ta tura ƙarƙashin filo. Sai da daddare ta kira ni ta ce "kai da kake aikin asibiti, tsakanin tuwon alkama da na dawa wanne zan ci? Furar nan in an dama ba suga fa?" Amsar da nake ba ta ta ji-ta-ji-ta ce, irin wadda kowa ke faɗa, a ci alkama a ci acca. Eh akwai malamai a gida da suka taɓa irin wannan awon, Allah ya saka musu, amma ayyukan ƙanana ne kuma a warwatse suke, ba su iso teburin likitan da ke duba Hajiya ba. Sannan tuwon nan ma ba irin na gida ba ne, a nan da yawa da samid, wato tsakin alkama, ake tuƙa shi ko shinkafar Masar, don haka ko awon Zariya ba lallai ya yi daidai da tukunyar Makka ba.

Malam Edita ciwon nan ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Rahoton ƙungiyar ciwon suga ta duniya IDF na 2021 ya ce manya miliyan 537 ne ke da shi a duniya, a Saudiyya kaɗai sun haura miliyan 4, kusan kashi 18 cikin 100 na manya ke nan, a Afirka kuma miliyan 24 amma fiye da rabi ba su ma san suna da shi ba. Mu Hausawan da ke zaune nan muna tsakiya, jininmu na can, cimarmu ta nan. Da safe tamis da ful da shayi mai suga cokali uku, da rana kabsa ko bukhari faranti guda mutum ɗaya, da dare kazar broast da lemon gwangwani ko tuwo malmala biyu, in azumi ya zo kuma sambusa da lugaimat da subiya da Vimto, ga zafin da in ya haura 45 babu mai iya taka ƙafa, daga esi sai mota daga mota sai esi. Lemon gwangwani guda ɗaya akwai suga wajen giram 35 a ciki, alhali hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Mutumin da a ƙauyensu yake noma yana tafiyar ƙasa, ya zo nan shekara biyar sai ka ga tumbi, in ya je gida ganin dangi a ce kai ƙasa mai tsarki ta karɓe ka. Mata kuma wasu har yau suna shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan su kansu suna tayar da suga.

Gaskiya hukumomin ƙasar nan sun yi ƙoƙari, wannan ba a musu. A 2017 aka sa harajin kashi 50 a kan lemon kwalba da kashi 100 a kan lemon ƙara kuzari, a ƙarshen 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai zaƙi, tun farkon 2019 kuma gidajen abinci dole su rubuta adadin kalori a jikin jerin abincinsu. Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad tana da cibiyar ciwon suga da cibiyar binciken ƙiba, akwai kayan aiki akwai ƙwararru. Kukana shi ne mu ba mu cika fitowa a lissafin ba. Wanda kafilinsa, wato mai gidan aikinsa, ya yi masa ta'amin, inshorar lafiya ke nan, yana zuwa asibiti, wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu kuwa ko matar da ke sayar da abinci a lungu tsoron asibiti take ji, sai ƙafa ta ruɓe ko ido ya rufe ko ƙoda ta tsaya sannan a kwaso ta. Wanda bai zo ba ba a ƙirga shi, wanda ba a ƙirga ba kuma babu mai yin tsari da shi.

Bari na faɗi abin da ya shafi aikina kai tsaye, don a nan ne abin ya fi damuna. Gwajin da aka fi dogara da shi yanzu shi ne HbA1c, wanda a nan kowa ke ce wa tarakumi, yana nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, in ya kai 6.5 an ce mutum na da ciwon. To gwajin nan a jikin jan ƙwayar jini yake aiki, mu kuma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin sikila, wato AS. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna masu AS tarakuminsu yana fitowa ƙasa da na waɗanda ba su da shi ko da sugansu ɗaya ne, haka ma masu ƙarancin G6PD, wanda Larabawa ke kira animiyar ful, shi ma yana da yawa a cikinmu kuma yana saukar da lambar. Ma'ana mutum na iya zuwa a ce masa lafiyarka ƙalau alhali ciwon ya riga ya fara aikinsa. Ni da idona na sha ganin ɗan'uwa tarakuminsa 6.1 ko 6.2 amma in an auna shi bai karya ba sai ka ga ya zarce 126, lambar da daga ita ake cewa ciwon ya tabbata. Ina faɗa wa likita in na samu dama, wasu su saurara su ƙara gwaji, amma ganin ma'aikaci ɗaya ba hujja ba ce, sai an tara mutane an auna an rubuta an buga sannan zai zama ƙa'idar da kowane asibiti zai bi. Haka awon ƙugu, santimita 94 ga namiji 80 ga mace da ake amfani da shi a kanmu, na Turawa ne, ita kanta IDF ɗin da ta fitar da shi ta rubuta cewa a yi wa 'yan Afirka amfani da na Turawa kafin a samu nasu. Wa zai samo namu in ba 'ya'yanmu ba?

Kuma ba wai ba mu da tarihi a fannin ba ne. Tun 1968 Farfesa Adadevoh, mahaifin likitar nan Stella Adadevoh da ta tare cutar Ebola a Legas, ya yi rubutu a kan wani nau'in ciwon suga da ya gani a jikin 'yan Najeriya, wanda yake zuwa da ƙarfi kamar zai kashe mutum sai an yi allurar insulin, bayan wani lokaci kuma ya lafa har a daina allurar. Dakta Charles Rotimi ɗan Najeriya ne, ya yi shekaru yana jagorantar binciken gadon ciwon suga a jinin 'yan Afirka daga cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH. A 2025 ma IDF ta amince da wani nau'i da aka sa wa lamba 5, wanda ke kama siraran mutanen da suka tashi cikin yunwa tun ƙuruciya, kai Malam Edita ka san yaran da tamowa ta kama a arewacinmu ba su ƙirguwa. Basira akwai ta, abin aiki ne babu.

Wanda ya fi ba ni sha'awa aikin da aka yi wa mutanen Gana ne. Daga 2012 Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa suka auna 'yan Gana wajen 6,000, wasu a ƙauyukan Gana, wasu a biranenta, wasu a Amsterdam da Landan da Balin, duk da ma'auni iri ɗaya, aikin sunansa RODAM. Suka tarar ƙiba a matan ƙauye kamar 8 cikin 100 ce, a Landan kuwa ta haura rabi, ciwon suga a mazan ƙauye bai kai 4 cikin 100 ba amma a Balin ya kai wajen 15. Jini ɗaya, wurin zama daban. To mu fa? Hausawa sun fi shekara ɗari suna zaune a Makka da Madina da Jidda, har tsirenmu ya zama abincin gari mutanen Hijaz na ce masa sire, ga 'yan'uwanmu na Sudan su ma tun zamanin tafiyar ƙasa. Da za a auna Bahaushen Bichi da na birnin Kano da na Makka a jere kamar yadda aka yi wa 'yan Gana, wallahi ilimin da za a samu duniya ma sai ta karanta.

Ga kuma azumi da aikin hajji. Binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, wanda aka yi a ƙasashe 13, ya nuna kusan kashi 79 cikin 100 na masu ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, suna azumtar aƙalla kwana 15 na Ramadan, kuma faɗuwar suga mai tsanani tana ninkawa sosai a watan. Daga irin wannan aiki aka samu ƙa'idar da likitoci ke bayarwa yanzu, in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya azumin. Mutanenmu nawa suka taɓa jin wannan da Hausa? A lokacin hajji kuma ni nake ganin alhazanmu, Najeriya kaɗai kujera 95,000 aka ba ta a 2023 da 2024, tsoho mai suga wanda ƙafarsa ta daina jin zafi ya ɓatar da silifas ya taka kwalta da tsakar rana a Mina, ko ya ɗaura insulin a jakar wuya yana yawo da ita cikin rana, maganin da kafin a buɗe shi a firji ake ajiyewa tsakanin 2 zuwa 8, bayan an buɗe ma ba a so zafi ya wuce 30. A hajjin 2024 zafi ya haura 50 kuma sama da mutum 1,300 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Jami'ar Ummul Ƙura tana da cibiya guda ta binciken hajji da umara, hukumar alhazanmu NAHCON kuma tana zuwa da likitoci duk shekara suna rubuta abin da suka gani, da an haɗa biyun nan da wata jami'a ta gida an sa ɗalibai kaɗan a kai, da kafin maniyyaci ya hau jirgi an san abin da za a faɗa masa.

Toh me nake roƙo? Ba gini nake roƙo ba, mun iya gini. A Amurka NIH tana ba wasu jami'o'i kuɗin cibiyoyin ciwon suga da na abinci da ƙiba, abu biyu ne ƙashin bayansu, ɗakin gwaji na haɗaka wanda kowane mai bincike zai kawo samfurinsa a auna masa ba sai ya sayi injin kansa ba, da ƙaramin tallafi na somin-taɓi da ake ba sabon mai bincike ya gwada tunaninsa shekara ɗaya ko biyu, in ya ga haske sai ya nemi babban kuɗi. Wannan na biyun shi ne abin da 'yar yayana ta rasa. Insulin ɗin da Hajiyarmu ke rayuwa da shi ma haka ya faro, a 1921 Banting likita ne da ba a san shi ba, Farfesa Macleod na Jami'ar Toronto ya ara masa ɗakin gwaji lokacin hutu da karnuka kaɗan da ɗalibi guda mai suna Best, zuwa Janairun 1922 an yi wa yaro na farko allura ya rayu. Ina kira ga Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri, da asusun TETFund, su ware wani kaso ƙarami amma tsayayye duk shekara don irin waɗannan ayyuka, a sa wa firjin ajiye jini sola, a buɗe ƙofar ɗakin gwaji ga ɗalibin kowane sashe, kuma su miƙo hannu ga jami'o'in nan na Makka da Jidda da Madina a yi aikin tare tunda 'ya'yanmu na ciki.

Sai attajiranmu, musamman masu zuwa umara sau biyu sau uku a shekara, Allah ya karɓa. A jami'o'in ƙasar nan akwai abin da ake kira kujerar bincike, mai hali ne ke zuba dukiya a sa sunansa ko na mahaifinsa, a riƙa yin bincike da ita a fanni guda, Jami'ar Sarki Sa'ud ma har wakafi gare ta da ke kawo mata kuɗi. Alhazanmu suna ganin wannan amma ban ga sun ɗauko shi sun kai gida ba. A Birtaniya binciken DiRECT da aka buga a 2017, wanda ya nuna kusan rabin masu nau'i na biyu da aka sa a tsarin rage ƙiba mai tsauri sun wayi gari bayan shekara guda sugansu ya daidaita ba magani, ƙungiyar agaji ce ta biya kuɗinsa daga gudummawar jama'a. Mutanen Katar ba su ce an riga an yi ba, sai da suka maimaita a kan mutanen yankinsu suka buga a 2020. Malamanmu su taya mu faɗa a kan mumbari cewa kuɗin da aka sa a ilimin da zai hana a yanke wa Musulmi ƙafa shi ma sadaka ce mai gudana. Kuma da irin wannan kuɗi ne za a gwada zogale da garahuni da hulba da duk abin da masu magani ke tallatawa a WhatsApp, a ware mai amfani daga mai lalata ƙoda, ai metformin ɗin da masu suga ke sha ma asalinsa daga wani tsiro aka gano shi.

Mu ma mazauna nan da namu aikin. In ɗalibi ya zo da takarda yana neman a auna mu kada mu gudu muna cewa leƙen asiri ne ko za a kai sunanmu jawazat, ofishin shige da fice, su kuma masu binciken su riƙe amana, kada a tambayi kowa igama, a yi magana da mutane da Hausa, a bi ta hannun dattawan unguwa da limamai da matan da ake jin maganarsu, in an gama kuma a dawo a faɗa mana abin da aka gano.

'Yar yayana dai ta koma raba takardar tambayoyi don kada shekara ta wuce ta, amma tsarin aikin farko yana nan a kwamfutarta ba ta goge ba. Duk malamin jami'a ko mai halin da ya karanta wannan ya ga zai iya, ya bi ta hannunka Malam Edita a haɗa mu, ni na ɗauki nauyin nemo mutum goman da za su ba da yatsunsu, awon jinin ma zan yi shi kyauta bayan na tashi aiki, Hajiyarmu kuma ta ce tuwon da za a auna ita za ta tsaya a kan tuƙinsa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai karatu daga Shara Mansur, Makka.